Iska A Bututun Mai: Ciwon Da Kan Tsayar Da Tarakta A Bakori

A shekarar 1975 ne aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, wanda ya haɗa da ƙasar Bakori da Malumfashi. Tun daga lokacin tarakta ta samu gindin zama a gonakin auduga da masara na wannan yanki. To, amma akwai wani ciwo da kan kwantar da ita daidai lokacin da ruwan shuka ya sauka, manoma na layin haya, watau shigar iska cikin bututun man gas.

Abin yakan faru ne bayan an canja ƙaramin famfon nan da ke janyo mai daga tanki zuwa filta. Sai injin ya tashi, ya yi 'yan mintoci, ya soma shaƙewa, ya mutu. Dalili kuwa shi ne iska tana matsuwa, mai ba ya matsuwa. Muddin akwai kumfa a hanya, babban famfo ba zai iya tura mai da ƙarfin da zai buɗe nozul ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba lalle a ga ɗigon mai ba. Tsakanin tanki da ƙaramin famfo zuƙa ake yi, saboda haka 'yar kafar da ba ta isa ta zubar da mai ba ta isa ta shigar da iska, balle idan datti ya toshe bakin tanki. Sau da yawa laifin na tsohuwar washar tagulla ne, wadda ta riga ta taurare, aka mayar da ita don tsimin kuɗin da bai kai na goro ba. Ƙara ɗaure noti da ƙarfin tsiya ba ya maganinta, sai dai ya cinye zare. Makanikin da ya san aikinsa yakan sa sabuwar washa, ya ɗaura tiyo mai garai-garai, ya bi gaɓa gaɓa har ya ga inda kumfa ke farowa.

Fitar da iskar kuma da tsarinta. A injin Perkins na Massey Ferguson ana fara sassauta notin kan filta, a yi ta danna hannun famfo har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure. Sa'an nan a koma kan notuna biyu na babban famfo, daga bisani a sassauta bututun nozul a murza injin. Idan hannun famfon ya yi sakwa-sakwa, ba lalacewa ya yi ba. A juya injin zagaye ɗaya, zai kama.

Wajibi ne a nisantar da hannu daga bututun nozul sa'ad da ake murzawa, domin feshin man yana iya huda fata, kuma irin wannan rauni sai asibiti nan take.