Ranar da Yaro Zai Koma Sabon Aji a Makarantar Lahadi

A yankin Magariya da Dungas, Kirista 'yan kaɗan ne a tsakiyar Musulmi, amma tarihinsu a Nijar ba na jiya ba ne. Mishan ɗin SIM ya fara aiki a Damagaram a 1924, ya buɗe Tsibiri kusa da Maradi a 1928, daga aikin nan kuma ikilisiyar EERN ta fito. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, don haka yara ke koyon addini da harshen da suka tsotsa.

Majami'un karkara ƙanana ne, makarantar Lahadi ba ta cika wuce aji biyu ko uku ba. Ƙanana suna kan tabarma a inuwa, suna waƙa da tafi, ana ba su labarin Nuhu da jirginsa ko Dauda da Goliyat. Manya suna kan benci, ana buɗe littafi, ana ba da ayar haddacewa. Tazarar ba ta kai taku ashirin ba, amma ga ɗan shekara shida tafiya ce mai nisa. Wanda ya zauna a makarantar allo ya san yadda yaro ke ji ran da ya gama babbaƙu aka ce ya shiga farfaru.

Ba darasin ne ke tsorata shi ba, rabuwa da malamar da ta san sunansa, ta san lokacin da fitsari ya matse shi, ita ce damuwarsa. Shi ya sa za ka ga ya riƙe zanen uwa, ko ya tashi da ciwon ciki ran Lahadi kaɗai.

Maganin yana farawa daga gida. A gaya masa tun da saura mako biyu ko uku, a faɗa masa sunan sabon malami da inda zai zauna. Bayan sujada a kai shi ya gaishe da malamin. Ranar komawa, tsohuwar malama ta kama hannunsa ta miƙa shi da kanta, tana cewa, "Malam, ga ɗana, ya iya waƙa ƙwarai." In da hali, a ɗaga shi tare da abokinsa. Watan Oktoba ya dace, tunda a lokacin ne ake komawa lakol, sa'o'insa ma suna canza aji.

Uwa kuma kada ta sulale ta gudu. Ta yi masa sallama, ta ce za ta zo ɗaukarsa in an tashi, ta kuma cika alkawari. Kada a ce masa "Ga ƙato yana kuka", kunya ba ta koyar da komai. Sabon malami ya bar shi ya saurara a makonnin farko, kada ya tsayar da shi karatu gaban jama'a, musamman in bai fara haɗa baƙi ba. A ba shi ɗan aiki, kamar raba littattafan waƙa ko tara baiko.

In wata ya wuce yana ta kuka, iyaye su zauna da malamai da fasto. Wataƙila manya ne ke cin zalinsa, wataƙila an yi gaggawar ɗaga shi. Mayar da shi ajin baya na ɗan lokaci ba faɗuwa ba ce. Iyaye da malamai, a bi yaro a hankali, sannu ba ta hana zuwa.