Karatun jinya a Bronx: shiga kwaleji daban, samun gurbi daban

Ga matasan Nijar da ke zaune a New York, aikin jinya na cikin hanyoyin fita daga tuƙin taksi ko gadin kanti. Kwalejojin al'umma biyu na Bronx, wato Hostos da Bronx Community College, suna koyar da shi cikin kamar shekara 2, kuma kuɗinsu bai kai na manyan jami'o'i ba.

Sai dai karɓar ɗalibi a kwaleji ba ya nufin ya shiga sashen jinya. Sai ya fara cin darussan share fage, irin su ilimin sassan jikin ɗan Adam da Turanci, ya zauna jarrabawar shiga, sannan a jera masu nema bisa makinsu. Guraben kaɗan ne, domin kowane ɗalibi sai an samar masa wurin koyon aiki a asibiti. Maki matsakaici a darasi guda na iya jawo jiran wani zango. Wanda ya yi bakaloreya da Faransanci, Turancin ne ke fara kayar da shi, ba kimiyyar ba. Ana kuma tambayar takardun zama kafin a kai ɗalibi asibiti.

Wajen zaɓen kwaleji, kusanci da gida ya fi kyawun gini, tunda aikin asibiti da sassafe ake farawa. Hukumar ilimi ta jihar na wallafa yawan ɗaliban kowace makaranta da suka ci NCLEX, jarrabawar samun lasisi. A duba kafin a yi rajista. Dokar New York da aka sa wa hannu a 2017 kuma ta wajabta wa sabbin ma'aikatan jinya kammala digiri cikin shekara 10.