Anini, Taro da Sisi: Hasken da Ke Fito da Gaskiyar Tsohon Kuɗi

Da wuya ka shiga tsohon gida a Sabon Garin Zariya ka rasa gwangwani ko ƙasan adaka mai ɗauke da tsofaffin kuɗin ƙarfe: anini mai huda, kwabo, taro, sisi, sule, wani lokaci har da fataka. Reluwe ce ta raya Sabon Gari, tun da layin dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta Zariya. Da tsabar nan ake biyan leburori, da ita kamfanonin Turawa ke sayen auduga, da ita ake biyan haraji, har ta kori wuri daga kasuwa. Yau jikoki ne ke zazzage gwangwanin, su ɗauki hoto da waya su saka a Facebook suna tambayar ko abin na da daraja. Akasarin hotunan ba sa karantuwa: farin tabo a tsakiya, duhu a gefe. Sai a ɗora wa waya laifi, alhali fitila ce aka ajiye inda bai kamata ba.

Takarda ko yadi warwatsa haske suke yi ta ko'ina, shi ya sa ko ta ina ka dube su kamanninsu ɗaya. Ƙarfe kuwa mayar da haske yake yi a kan kusurwar da ya sauka. Filashin waya yana maƙale ne dab da idon kyamara, don haka haskensa na dukan kwabon kai tsaye ya dawo cikin idon, ya shafe komai. Rubutu da zanen da ke jikin kuɗi ba fenti ba ne, tudu ne da kwari da ba su kai kaurin farce ba, kuma inuwa ce kaɗai ke nuna su. Duk wanda ya bi ta gonakin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya san haka: da tsakar rana kunyoyi sai su baje kamar fili, amma da la'asar, in rana ta karkata, sai ka ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. To, fitilar ma karkata ta za a yi. Idan kuɗin na da sauran kyau, a ɗaga ta sama kaɗan daga gefe. Idan ya suɗe saboda yawo a hannun jama'a, a sauke ta ƙasa sosai har hasken ya riƙa shafar fuskarsa, a riƙa juya kuɗin a hankali har haruffa su taso.

Me ake nema a cikin 'yan haruffan? Ɗauki kwabon 1936. A shekarar an buga wasu da sunan Sarki Joji na Biyar, wasu da sunan Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a watan Disamba tun kafin Ingila ta fitar da kuɗi mai sunansa. Afirka ta Yamma na cikin wurare ƙalilan da suka kashe kuɗin da ke ɗauke da sunan nasa. Babu hoton kansa, domin huda ta cinye wurin. A kan wasu kuma akwai ɗan mitsitsin harafi, H ko KN, da ke nuna wace masana'anta ce ta buga shi cikin guda biyu da ke Birmingham. Aninin 1907 da goran-ruwa aka yi shi, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, amma bai jure ba, a 1908 aka koma gamin tagulla da nikel. Masu tara tsofaffin kuɗi da irin waɗannan bambance-bambance suke yanka farashi. Sai dai kada a yi saurin buɗe baki: an buga yawancinsu da yawan gaske, labarin miliyoyin da ake yaɗawa a kansu yaudara ce.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, hasken dubawa daban, hasken hoto daban. Mai son sanin lafiyar kuɗi fitila ɗaya tak yake buƙata, ƙarama mai kaifi, a ɗaki mai duhu. Ya riƙe kuɗin ta baki, ba ta fuska ba, ya riƙa karkata shi a ƙarƙashinta. Sulen da bai sha hannu ba, za a ga ƙyallinsa na zagayawa a fuskarsa yayin da ake juya shi. Wanda aka taɓa gogewa kuwa, siraran ƙarce ne za su bayyana reras, duk sun miƙe gefe guda. Doguwar fitilar ofis da hasken inuwa ɓoye wannan ƙarcen suke yi, domin suna zuwa ta kowane ɓangare. Saboda haka mai saye a kasuwar Sabon Gari kada ya gamsu da abin da ya gani a ƙarƙashin rumfa. Ya kunna tocila daga gefe. Madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya ya wadatar wajen ganin ƙananan haruffa.

Hoto kuma haske mai laushi yake so, amma mai fitowa daga gefe ɗaya. Taga da hantsi ta fi kowace fitila, muddin rana ba ta faɗo kan kuɗin kai tsaye ba. Lokacin hunturu ma garaɓasa ce, don hazo ya riga ya tace hasken. Da dare, a rufa wa tocila farar takarda mara kauri, a jingina wata farar takardar a ɗaya gefen don ta rage duhun inuwa. A shimfiɗa kuɗin a kan baƙin yadi mara sheƙi, a ɗora wayar a kan littattafai tana kallon ƙasa sak, a sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza. A ɗauki gaba, a ɗauki baya, a ɗauki baki.

Sai batun launi, inda fitilun caji masu araha ke ba da kunya. Tsohon ƙwan lantarki haskensa ja-ja ne, wajen 2700 a ma'aunin Kelvin. Hasken rana na kusa da 5500. Yawancin fitilun LED da ke cika kasuwa kuwa suna kaiwa 6500, fari mai shuɗi-shuɗi. Asalin ƙwayarsu shuɗiya ce aka shafa mata wani sinadari ruwan ɗorawa, shi ya sa jan launi ya yi ƙaranci a cikin haskensu. Kwabon tagulla na 1973 mai hoton rijiyoyin mai sai ya fito fatau kamar toka, taron 1959 mai kusurwa goma sha biyu da reshen auduga ya yi kore-kore. Mai sayen ƙwan fitila ya duba kwali: idan an rubuta CRI 90 ko sama, launi zai fito daidai. Kada kuma a haɗa hasken taga da na ƙwai a hoto ɗaya, kyamara rikicewa take yi. Ratsin duhu da kan gitta hoto kuwa ƙiftawar wutar layi ko ta janareto ce. Fitila mai batir ba ta cika yin haka ba.

Ana iya amfani da wannan sani a yi ha'inci, a karkata fitila har ƙarce ya ɓace kafin a tura wa mai saye. Mai gaskiya hoto biyu yake turawa, na haske mai laushi da na mai kaifi.

Kai kuma da ka tsinci gwangwanin kaka, kada ka kusance shi da toka, ko lemon tsami, ko man goge ƙarfe. Duhun da ke jikin kuɗin shekaru ne suka yi shi, masu saye na son sa a haka, kuma ƙarcen da gogewa za ta bari ba ya gyaruwa. Kashe filashi, matsa kusa da taga, ka ɗauke shi yadda ka same shi.