Furen Da Sai Ya Sha Sanyi

A ƙasar Holan, can Turai, akwai manoma waɗanda ba su noma hatsi, sai fure. Babban furensu shi ne wanda su ke kira tulif. Asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, ya biyo ta ƙasar Turkawa. Cikin 1593 wani masanin tsire-tsire mai suna Kulusiyas ya dasa shi a garin Laidin.

Tulif yana da kai a cikin ƙasa kamar na albasa. In ka tsaga kan da wuƙa, sai ka ga ɗan furen kwance a tsakiya, abincinsa ya kewaye shi. Amma ba ya fitowa da kyau sai ya sha sanyi tukuna. In an bar shi a gona, sai wajen Afrilu ya ke buɗewa. A lokacin kuwa kowa yana da fure, ba ya kuɗi.

To, ga dabarar manoman. Su kan tone kawunan cikin Yuni ko Yuli, su shanya. Da kaka su jera su cikin akwatuna masu ƙasa, tsini yana duban sama. Sa'an nan su kai su ɗaki mai duhu, mai sanyin digiri 9 ko ƙasa da haka. Nan saiwa ke fitowa. Su kan yi kamar mako 15 a ciki.

Daga nan sai ɗakin gilashi. Shi wannan ɗaki, bango da rufi duk gilashi ne. Hasken rana yana shiga, iskar sanyi ba ta shiga. Ana bi da ruwan zafi ta cikin bututu don ɗaki ya yi ɗumi. Shuka ta zaci sanyi ya wuce, sai ta miƙe. Cikin mako 3 ko 4 fure ya isa yanka. Ana cikin Janairu ke nan, fure yana tsada.

Amma sauri ya kan haifi nawa. Wanda ya yi gaggawar fid da akwatunansa daga sanyi, furensa ya kan fito gajere, ko ya bushe tun bai buɗe ba. Wanda ya cika ruwa, kawunan su ruɓe. Wahalar shekara ta tafi banza ke nan.

Tambayoyi
1. Me ke cikin kan tulif?
2. Don me a ke kai shi ɗakin sanyi?
3. Wane amfanin gona ne a garinku ya ke tsada in lokacinsa ya wuce?