Kafin Ka Yanki Tiken Ganin Bakin Teku

Tafiya kurmi ba baƙon abu ba ce ga mutumin Arewa. Tun zamanin kakanni, da an ɗaure hatsi an zuba a rumbu, samarin Lugu, Bagaji, Matankari, Tibiri da Kore Mairuwa suke kama hanyar kudu ci-rani: Kwatano, Lome, Akra, Ikko, Abijan. Sai dai neman abinci ne yake kai su. Mutum zai shekara uku yana sayar da shayi a Kwatano, yana jin ƙugin teku da dare, bai taɓa ware yini ɗaya ya je ya dube shi ba. Yanzu abin ya sake. Waya ta shiga hannun kowa, kowa yana son ya aiko gida da hotonsa a gaban ruwa, ɗalibai da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya suna haɗa kuɗi su ɗauki mota ranar Lahadi, 'yan kasuwarmu kuma sun kai Dubai da Istambul. Wannan abin so ne, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma duk inda baƙo ya fito da kuɗin kallo, akwai mai jiransa.

A manyan biranen bakin teku da suka mai da yawon buɗe ido sana'a, akwai wani kati da ake sayarwa wanda masu tallarsa suke kira fas. Kuɗi ɗaya za ka biya, a ba ka lamba a waya ko a takarda, ka riƙa nunawa a ƙofar gidajen tarihi, dogayen benaye, jiragen ruwa na shan iska da motocin zagaya gari. Iri biyu ne. Akwai na kwanaki, wanda za ka shiga duk wurin da ke cikin jerin har kwanakin su cika. Akwai na ƙidaya, wanda za ka zaɓi wurare uku ko biyar ka shiga. Katin kansa ba zamba ba ne, kamfanoni ne sanannu da hukumomin gwamnati suke fitar da shi. A Istambul, misali, ma'aikatar al'adu ta Turkiyya tana da nata katin na kwana 5 na gidajen tarihin gwamnati. Abin da ya kamata ka gane shi ne yadda mai sayarwa yake cin ribarsa: yana ci ne daga wuraren da ka biya amma ba ka je ba.

A yi lissafi irin na kasuwa. A ɗauka, don misali kawai, katin kwana biyu jikka 40 ne, kuma an rubuta yana buɗe wurare 30. Kai kuwa saro kaya ya kai ka, rabin yini kawai ka samu, ka shiga wurare uku waɗanda kowanne da a ƙofa ka biya jikka 8 ne. Ka ci kallon jikka 24, ka biya 40. Wurare 27 da suka rage ado ne a takarda. Katin yana da amfani ga wanda ya zo musamman don yawo, zai fita tun da hantsi ya dawo bayan isha'i, kuma wuraren da yake so masu tsada ne. Don haka kafin ka biya, rubuta wuraren da da gaske za ka je, ka nemi kuɗin ƙofar kowanne, ka tara. In jimillar ba ta wuce kuɗin katin ba, bar musu abinsu.

Sannan akwai sharuɗɗan da ake rubutawa da ƙananan haruffa. Agogon katin yana fara tafiya ne daga lokacin da aka duba shi a ƙofar farko, kuma a wasu katunan kwana yana nufin ranar kalanda. Wanda ya fara amfani da shi bayan la'asar ya ƙone kwana guda cur. Kwanakin kuma a jere suke, ba a ajiye ɗaya sai mako mai zuwa. Wasu wuraren ko da katin a hannunka sai ka kama lokaci tun da wuri. Benen Burj Khalifa na Dubai, mai tsawon mita 828, da sa'a ake shigarsa, kuma lokacin faɗuwar rana ya fi tsada. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, keken igiya mai hawa da mutane kan dutsen Tebur yakan tsaya idan iska ta yi ƙarfi, jirgin da ke kai mutane tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare, shi ma yakan fasa tashi idan teku ya tashi. Gidajen tarihi da yawa suna da ranar hutu a mako, galibi Litinin. Da wuya a mayar maka da kuɗin katin da ka riga ka fara amfani da shi. Kuma kada a saka maka abin da kyauta ne cikin lissafi: masallacin Sultan Ahmad na Istambul ba a biyan ko dala kafin a shiga.

Inda aka fi cutar mutanenmu shi ne wajen biya. Irin wannan katin galibi a intanet ake sayensa da katin banki, wanda yawancinmu ba mu da shi. Sai a nemi wani ya saya, ko a ga talla a Facebook ko WhatsApp mai cewa rabin kuɗi, a tura masa ta waya, ya turo hoton lamba. Hoton lamba kuwa ana iya tura wa mutum goma, wanda ya riga isa ƙofa shi ya ci, sauran na'ura ta ƙi su. A ƙasar da ba ka jin harshenta, wa za ka kai wa ƙara? In ba za ka iya saye da kanka daga shafin kamfanin ba, ka jira ka isa, ka biya a tagar wurin, a miƙo maka rasit.

Wannan duk na masu hawa jirgin sama ne. Mafi yawanmu Kwatano muka sani, kuma a can abin da aka saba shi ne a biya a ƙofar kowane wuri. Saboda haka idan wani ya tare ka a tasha ko a unguwar Zongo da wata takarda mai hatimi ya ce ita kaɗai za ta shigar da kai wuraren kallo na garuruwan Wida da Ganbiye da Abome, tambaye shi sunan ofishin da ya buga ta da inda yake, ka ce ku je tare. Mai gaskiya ba ya jin tsoron wannan tambaya. Mai masaukinka a Zongo, ko shugaban 'yan garinku, ya fi duk wani ɗan kamasho sanin kuɗin mota da kuɗin ƙofa na gaskiya. Haka masu haɗa tafiya su ce kuɗi kaza, komai da komai: a zauna a fayyace komai ɗin tun mota ba ta tashi ba. Kuɗin shiga yana ciki? Kuɗin kwale-kwale, zuwa da dawowa? Ladan mai ja-gora? Kuɗin ɗaukar hoto, wanda wurare da dama suke karɓa daban? Abinci fa?

Wuraren sun cancanci a je, ba ina hana kowa ba ne. Wida tana da nisan kusan kilomita 40 yamma da Kwatano, kuma in da wuri ɗaya zan zaɓa wa Bahaushe, ita ce. Daga tsakiyar gari akwai hanya mai kusan kilomita 4 da ake kora bayi a kanta zuwa bakin ruwa, inda a 1995 aka gina wata babbar ƙofa ta tunawa da waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Cikin waɗanda aka loda a jiragen wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa da yaƙe-yaƙe suka jefa hannun fatake. A jihar Bahiya ta Burazil sun yi yawan da har suka shirya tawaye a 1807 da 1814, kuma a watan Janairun 1835 bayi Musulmi suka yi babban boren birnin Salbado, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu. Mahommah Gardo Baquaqua, ɗan garin Jugu da ke arewacin Benin, ta wannan gaɓa aka fitar da shi, ya kuɓuta daga baya, aka buga tarihin rayuwarsa a Amurka a 1854. Wanda ya tsaya a wurin yana sane da wannan, ya ga abin da ya fi hoto. A Gana ma haka, gidan kurkukun bayi na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, da na Kef Kos. A can kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi mai katin makaranta daban, kuma da sidi ake biya, ba sefa ba. A Benin da Togo sefarmu ita ce tasu.

A Wida akwai kuma ɗakin tsafin mesa, daura da babban cocin Katolika. Mesar ba ta da dafi, ana rataya wa baƙi ita a wuya su ɗauki hoto. Ka san tun daga waje cewa wurin bauta ne na masu addinin Bodun, waɗanda suke babban bikinsu a watan Janairu. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka shiga, in kuwa ka shiga, riƙe bakinka. Mutumin Lugu ba sai an koya masa wannan ba. Tun da labarin yaƙin da Sarauniya Mangu ta yi da rundunar Turawa ta Voulet da Chanoine a can a 1899 ya bazu, baƙi suke zuwa garin, kuma kowa ya san yadda ake ji idan baƙo ya doshi inda ba a shiga, ko ya ɗaga waya a gaban dattawa ba sallama. A Kwatano, mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar a 2022 yana fili ne kusa da fadar shugaban ƙasa da tashar jiragen ruwa. Ɗauki hotonsa, amma kada ka juya wayar wajen fada ko sojojin da ke gadi.

Maganar takardu gajeruwa ce amma ba ta wasa ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 gadar Gaya da Malanbil ta shiga rikicin rufe iyaka, matafiya suka koma ƙetare kogin Isa da kwale-kwale, kuma ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta kammala fita daga CEDEAO. Halin iyaka yana sauyawa, don haka a tambayi direbobi a tashar Doci ko Doso kafin a tashi. Katin shaidar ɗan ƙasa ko fasfo mai rai, da katin rigakafin shawara, su kasance a jikinka ko da yawon yini ɗaya ka fita. Daga Malanbil zuwa Kwatano fiye da kilomita 700 ne, shingaye ba su da iyaka, kuma wanda ba shi da takarda shi ne abincin hanya.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, wato ruwan kansa. Mu 'yan tudu ne. Ruwan da muka sani shi ne tabkin damina a Dallol Mawri, wanda yake kwance inda ka bar shi. Tekun da ke gaban Kwatano, Wida, Lome da Akra yana cika yana janyewa sau biyu a yini, igiyarsa tana faɗowa da ƙarfi a kan gaɓa mai gangare, kuma idan ta koma tana kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Mutum yana tsaye ruwa iya gwiwa, igiya ɗaya ta kayar da shi, ta biyu ta tafi da shi. Mafi haɗari shi ne wurin da ya fi kama da lafiya: wani ɗan tsagi tsakanin igiyoyi inda ruwan ya yi lumui, ba kumfa, launinsa ya ɗan yi duhu. Ta nan ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yake komawa ciki da gudu, gudun da ko gwanin iyo ba ya iya ja da shi. Babbar riga ko zane da suka sha ruwa nauyi suke ƙarawa. Masu ɗaukar hoto kuwa su ne suka fi ba teku baya, suna kallon waya, ba sa ganin abin da ke tahowa.

Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce idon sawunsa. A kula da jan tuta inda aka kafa ta, a saurari masunta idan sun ce a matsa. Idan ƙungiya ta fita da yara, a ɗora wa babba ɗaya aikin ƙirga su, kuma shi kada ya riƙe waya. A Ganbiye, garin da Tofinu suka gina a kan tafkin Nokuwe don gudun masu kamun bayi, daga Abome Kalabi ake shiga jirgi: a nemi rigar ceto, a ƙi jirgin da aka cika maƙil, a gama ciniki na zuwa da dawowa tun ana kan tudu.

In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawar komowa kai tsaye, gajiya ce take kashewa. Kwanta rigingine, ɗaga hannu ɗaya a gan ka, in ka iya iyo ka yi gefe, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga tsagin, domin ba shi da faɗi sosai. In kuma ɗan'uwanka ne ruwan ya ɗauka, kada zumunci ya sa ka faɗa bayansa, sau da yawa gawa biyu ake fitarwa a haka. Yi kururuwa, kira masunta ko masu gadin wurin, jefa masa jarka marar komai mai murfi ko duk abin da ke yawo a kan ruwa, kuma kada ka ɗauke idonka daga inda yake har masu jirgi su iso.