Ko ka san ƙwaron da ya koma baƙi a Manchester?

A Ingila akwai wani malam-buɗe-littafi mai yawon dare, fari mai ɗigon baƙi kamar an barbaɗa masa masoro. Da rana yakan lafe a jikin itace, launinsa ya saje da ɓawon, tsuntsaye su wuce ba su lura ba. A 1848 aka kama wani baƙi ƙirin a Manchester, lokacin da masaƙun birnin ke ƙona kwal ba dare ba rana, kunkunniya ta turnuƙe itatuwa. Zuwa 1895, kashi 98 cikin ɗari na irinsa a birnin baƙaƙe ne.

Ba hayaƙin ne ya rina su ba. Baƙin gadonsa ake yi, kuma a kan itacen da ya yi duhu tsuntsaye sun fi hango fararen.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin masanin kimiyya J.B.S. Haldane a 1924. Bai kama ƙwaro ko ɗaya ba, alƙalami ya ɗauka. Ya san sau ɗaya suke hayayyafa a shekara, ya san inda adadin ya faro da inda ya kai cikin kusan shekara 50. Sai ya lissafa cewa kafin hakan ta yiwu, duk inda fari ya bar 'ya'ya biyu, dole baƙi ya bar uku. Rata ce babba ƙwarai, lissafi kuwa ya fito da ita tun ba a shiga daji an gwada ba.

Gwajin sai a 1953, da wani masani, Bernard Kettlewell, ya ɗiga wa ɗaruruwan waɗannan ƙwari fenti a ƙarƙashin fiffike, ya sake su a wani kurmi kusa da Birmingham. Cikin baƙaƙen ya sake kama fiye da kashi 27, cikin fararen kashi 13 kacal. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 hayaƙi ya ragu, fararen suka dawo.

Irin wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye. A 2003 Austin Burt na Imperial College da ke Landan ya kawo shawarar sauya wa ƙwari ƙwayar gado yadda za ta bazu cikin danginsu, dabarar da ake nazari a kan sauron cizon maleriya. Kafin a saki ko ɗaya, sai an zauna an lissafa sauro nawa za a saki, da damina nawa sauyin zai ɗauka kafin ya game gari.