Biya Kafin Shuka: Shawara Ga Masu Lambu a Gusau da Kewaye

Mai lambu a bakin Gulbin Sakkwato, tsakanin Gusau da Bungudu, ya fi buƙatar kuɗi a watannin Oktoba da Nuwamba. Lokacin ne zai sayi iri da taki, ya gyara injin ban-ruwa, ya sallami masu tada fangali. Kuɗin kuwa ba ya shigowa sai wajen Fabrairu, sa'ad da tumatirin kowa ya nuna a tare, kasuwa ta cika, dillali ya taya yadda ya ga dama. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane ban-ruwa ya zama abin lissafi. Idan kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa, kamar yadda ta yi wa tumatirin Arewa a 2016, shi kaɗai zai kwana da asarar.

Wasu ƙasashe sun daɗe da samo dabara. A Japan, tun shekarun 1970 matan gida suka riƙa ƙulla yarjejeniya da manoma kai tsaye. Amurka ta ɗauka a 1986 da gonaki biyu, ɗaya a Massachusetts, ɗaya a New Hampshire. Faransa ta biyo baya a 2001. Gidaje ne ke haɗuwa su biya manomi tun kafin shuka, shi kuma ya riƙa ba su kasonsu duk mako. An yi albarka, kowa ya samu. An yi ƙamfa, kowa ya haƙura. Wasu gonakin har buɗe ƙofa suke mutum ya zo da kwandonsa ya tsinki 'ya'yan itace, a auna ya biya.

Ga mutanen da suka san gayya da adashi, wannan ba baƙon abu ba ne. Gusau kuma tana da masu albashi a Jami'ar Tarayya, da Kwalejin Ilimi ta Fasaha, da asibitoci, waɗanda cefane bai taɓa yanke musu ba.

Sai dai akwai tambayar da Bazamfare zai yi kafin komai: ya halatta? Tsarin Amurka, inda ake biyan kuɗi a karɓi "duk abin da gona ta bayar", yana da garari, domin mai saye bai san abin da ya saya ba. Fiƙihu ya ma hana sayar da 'ya'yan itace kafin alamar nuna ta bayyana, abin da ya kamata masu sayen mangwaro tun yana fure su tuna. Amma shari'a ta yarda da cinikin salam: a ba da kuɗi yanzu, a ƙayyade nau'in kaya da ma'auni da lokacin karɓa. Sharaɗinsa shi ne kayan bashi ne a wuyan mai sayarwa, ba a rataya shi ga gona guda ba. Idan lambunsa ya gaza, sai ya nemo ya cika. Wanda yake so a raba riba da asara kuwa, hanyarsa tarayya ce. A ganina, rukunin da zai fara ya kai takardarsa gaban malami tun kafin kuɗi ya shiga hannu.

Batun tsinka da kai ya fi daɗin ji fiye da aikatawa. Strawberry na son sanyin Filato, ba zafin Zamfara ba. Namu shi ne mangwaro daga Maris zuwa Mayu, da gwaiba, da tumatir da tattasai. Mai lambu ya huta da kuɗin masu tsinka da na mota, amma ya gayyato ƙafafu. Yaro zai taka fangali, babba zai ja reshe har ya tsage, wani ya ci binta suga uku a gindin bishiya kafin a kai ga sikeli. Maganinsa ranakun da aka ƙayyade, da gora mai ƙugiya maimakon jifa, tunda mangwaron da ya bugi ƙasa ba ya kwana biyu, da ɗan kuɗin shiga da zai rufe abin da baki ya ɗauka.

Babban cikas tsaro ne. A sassan Tsafe da Bungudu akwai ƙauyukan da manoma ke biyan 'yan bindiga kafin su yi girbi, kuma ba wanda zai kai iyalinsa can don tsinkar gwaiba. A Satumban 2021, da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya, an ga yadda mai ɗanyen kaya ke shiga uku idan ba shi da mai saye tsayayye. Don haka lambunan gefen gari ne za su iya buɗe ƙofa. Na nesa sai su kawo kaya wuri guda a raba.

Ƙungiyoyin ma'aikata da na unguwa a Gusau, ku gwada da mai lambu ɗaya a rani mai zuwa, a rubuta komai, a sa shaidu.